Turaku Huɗu a Hanyar Ruwa

Jiya bayan azahar an yi ruwa a nan unguwar Aziziyya ta Makka, irin wanda ba ya jiƙa komai sai gilashin mota, amma da ka ga jikokina a bakin taga sai ka rantse ruwan Ɗufana ne ya dawo. Kowa da waya a hannu yana ɗauka, suna ta kirana da Larabcinsu wai Sitti, wato Kaka, in zo in gani. Ban tashi daga kan dardumata ba. Me zan gani? Ruwan yanzu kafin ya sauko an riga an aiko wa kowa saƙo ta waya, in ya sauko kuma akwai manyan magudanai a ƙarƙashin titi suna jiransa su haɗiye. Yaran nan ba su san ruwa yana da murya ba. Ni na san muryarsa, a Nakkasa na ji ta, kuma tun daga ranar ba na fita kallon ruwan sama.

Nakkasar da nake faɗa ba za ka same ta ba ko ka je da fitila da rana. An kwashe unguwar tamu, an daddatse dutsen, wurin da ɗakin Kakata yake yanzu iska ce kawai a sama. Da kuwa gidaje ne a manne da jikin dutse, wani a kan wani, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan. Rabi dutse da laka, rabi kwano da katakon akwatin kaya. In gari ya waye abin da za ka fara ji shi ne ƙarar garwa tana bugun matakala, masu ruwa suna hawowa da sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya. Sai kukan awaki, sai tattabaru, sai wata uwa tana zagin ɗanta da harshen da ba ka sani ba amma ka gane zagi ne. Ruwa shi ne wahalarmu. Daga bazan muke ɗebo shi, wato famfon unguwa da ke can gindin dutse, kuma yarinya ba ta karyawa sai ta cika randa. Wanda aka wanke shinkafa da shi a ba akuya, wanda aka yi wanki da shi a yayyafa a tsakar gida. Ranar da na zubar da rabin garwa a matakala Kaka ta dake ni har maƙwabta suka leƙo, ba wanda ya ce ta bari.

Kaka tsohuwa ce mai kaifin baki wadda ta zo daga ƙasar Hausa tun tana da ƙarfinta, ta binne miji da 'ya'ya a hanya, saboda haka ba ta da sauran tausayin da za ta ɓatar a kan ƙananan abubuwa. Ita ta koya mana dutse. Takan ce dutsen Makka ba ya shan ruwa, tura shi yake yi ga na ƙasa da shi, kamar dai mutanen da ke zaune a kansa. Takan ce kada mu ji tsoron hadarin da ya tsaya a kanmu, mu ji tsoron wanda ya tsaya can bayan dutse inda ba ma gani. A tsakiyar unguwarmu akwai wani kwari da ya sauko daga ƙololuwa, busasshe ƙayau, awaki na kiwon takardu a ciki, mata na zuba shara. Sai a shekara ba a ga ɗigo a cikinsa ba. Amma duk wanda aka haifa a wurin ya san hanyar sel ce, ruwan da ke gangarowa daga dutse a guje bayan an yi ruwan sama, kuma ko wasa muke a ciki in sama ta yi duhu sai a kore mu da tsintsiya.

A cikin kwarin nan Baffana ya gina ɗaki. Ƙanin mahaifina ne, a lokacin saurayi mai farar jallabiya da dogon carbi da murya kamar zuma. Sana'arsa ke nan, duk inda ya ga fili ko da na kwanciyar akuya ne sai ya kafa kwano, ya sayar wa waɗanda suka zo aikin Hajji suka ƙi komawa. Da Kaka ta ga inda ya kafa wannan, ta tsaya a sama ta riƙe ƙugu.

"Kai, ɗaki kake ginawa ko kabari?"

"Inna, yaushe rabon da a yi ruwa a garin nan?" in ji shi, yana dariya yana buga ƙusa.

Kaka ta tofar da yawu ta koma ciki. Iyakar abin da ta yi ke nan, don ɗanta ne, kuma a hannunsa cefane yake.

Wadda ta sayi ɗakin muna ce mata Jawiya. A Makka duk wanda ya fito daga tsibiran Indunusiya Jawa ne, kamar yadda mu duka Takari ne ko daga ina kakanka ya taso. Ta sha gaya mana ita ba Jawa ba ce, mutanenta daban suke, daga wani tsibiri dabam, ba wanda ya damu. Har ta bar unguwar ban ji wani ya tambayi sunanta ba. Ƙaramar mace ce mai faɗin tafin ƙafa, mijinta ya rasu a Mina, ya bar ta da 'ya ɗaya tsarata, ba takarda, ba dangi. Awarwaron zinariya ta tuɓe daga hannunta ta ba Baffa, aka yi musabaha da gefen mayafi, ciniki ya faɗa. Ba a rubuta komai ba, don a Nakkasa ba mai rubutu, kowa a kan baki yake zaune. Ta dai yi tambaya ɗaya da guntun Larabcinta, ko ruwa na zuwa wurin. Baffa ya ce yakan ɗan wuce ta bakin ƙofa jefi-jefi. Sai matar nan ta yi murmushi, kamar an ce mata wani ɗan garinsu yana maƙwabtaka da ita. Matan unguwa suna tsaye suna ji, kowa ta kalli ƙasa. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma ba mai son ya ɓata wa ɗan unguwa ciniki.

Abin da ta fara yi shi ya sa yara suka mai da ta abin tsokana. Ta nemo sanduna huɗu ta kafa a kusurwoyin filinta, ta tokare su da duwatsu, ta ɗaura wa kowanne ƙyalle. A cikin ɗakin kuma ta haɗa wani gadon katako mai dogayen ƙafafu, har ya kusa taɓa rufi, sai da tsani ake hawa. Can take ajiye shinkafa da tabarma da tukwane. Mukan bi ta muna waƙa muna cewa Jawiya ta ɗaure iska a turke, Jawiya kaza ce tana kwana a sama. Yara maza su tuge turakun su jefar, da safe ka ga ta mayar da su daidai inda suke.

'Yarta ce ta zama ƙawata, a layin bazan muka haɗu. Ta iya Hausa cikin watanni har da zagi. Sunanta yana bakina, ban taɓa faɗa wa jikokina ba, ba kuma zan faɗa a nan ba. Ita ta buɗe mini garinsu, in muna tsince alkamar da muke sayar wa alhazai su watsa wa tattabaru, wani lokacin uwar ta sa baki tana gyaran busasshen kifi. Wai garinsu ba ƙasa, fadama ce iya ganinka, ruwa baƙi kamar shayin da ya kwana. Gidaje a kan ginshiƙan wani itace da ba ya ruɓewa, daga gida zuwa gida katako ɗaya ake shimfiɗawa a bi ta kai, kasuwa a kwalekwale, masallaci a kwalekwale. Ɓaunarsu ma iyo take yi ta je kiwo, da yamma ta hau dandalin katako ta kwana. Sauro kamar hayaƙi, macizai na hawowa ɗaki in ruwa ya cika, kada na ɗauke agwagi a ƙarƙashin ɗakin girki kana ji. Na ce mata ƙarya take, ba inda ruwa ya yi yawan da za a yi wanka a bar shi ya tafi. Ta ce ita ma da aka ce mata akwai garin da ake dukan yaro don ya zubar da ruwa ba ta yarda ba.

A wurinsu gona ba ta da kunya ko shinge, tunda rabin shekara tana ƙarƙashin ruwa. Turke ake kafawa, inda turkenka ya tsaya nan naka ya tsaya, kuma wanda ya yi nisa da turkensa sai ya dawo ya tarar turken ya yi tafiya cikin dare. Ruwansu kuma mai ladabi ne. A hankali yake hawa, yau yatsa ɗaya, gobe yatsa biyu. Mai gida ya sa wuƙa ya yi alama a jikin ginshiƙi, ya dawo anjima ya duba. In ruwan ya shigo ɗaki a ɗaga kaya sama, a shimfiɗa sabon katako a kan na da, a tara yara duka a hau a zauna a jira shi ya gaji. Ba a gudu. Wanda ya bar gidansa don ruwa, ɓarayi za su zo a kwalekwale su kwashe har ƙyauren ƙofa, ɗan'uwansa kuma ya matsar da turke. Uwar ta ce gida na wanda ke zaune a ciki ne. Abu ɗaya ne ta ce ta tsana a garinsu, shi ne kabari. In aka haƙa sai ya cika da ruwa, a sa mamaci a akwati a tura cikin laka, maza su hau su danne da gungume don kada ya taso. Ta ga an yi wa uwarta haka. Shi ya sa ta sayar da ɓaunarta da gonarta ta biyo miji, kuma shi ya sa ta ƙi komawa, tana son a binne ta a busasshiyar ƙasa.

Da aikin Hajji ya sake matsowa baƙi suka yi yawa, ɗakuna suka yi daraja, sai Baffa ya fara cizon yatsa. Wata rana ya aiko aka ce mata masu kamen marasa takarda suna hawowa, ta yi ta kanta. Ta ja 'yarta suka ɓuya a bayan dutse har rana ta yi sanyi. Ba wanda ya zo kame. Da ta dawo ta tarar an danna wa ƙofarta sabon kwaɗo, an tuge turakun. Ta ɗauki dutse ta fasa kwaɗon a gaban kowa, ta mayar da turakunta, ta juyo ta kalli gidanmu ta ce da Larabcinta mai gutsure-gutsure, daga yau ko wa ya kira ta ba za ta fita ba. Mata suka yi ta dariya, suna cewa Jawiya ta yi wayo.

Ranar da abin ya faru da hantsi aka fara yayyafi. In ba ka zauna a garin da ba a ruwa ba, ba za ka gane murnar ba. Kowa ya fito da kwano da baho da tukunya ya tara, tsofaffi na ɗaga hannu suna addu'a, ƙanshin jiƙaƙƙen dutse ya cika unguwa. Ƙawata tana gidanmu a sama, muna tsalle a tsakar gida muna buɗe baki. Kaka ce kaɗai ba ta kallon sama, bayan dutse take kallo, inda ya yi baƙi ƙirin. Can sai ga wani siririn ruwa ja ya fara bin cikin kwarin, bai kai idon sawu ba. Daga inda muke muna hango Jawiya. Ta fito ta dube shi, ta shiga ta fara ɗaga kayanta kan dogon gado. Ta sake fitowa da wuƙa, ta durƙusa, ta yi alama a jikin katakon ƙofa daidai inda ruwan ya kai. Sannan ta miƙe ta ƙwala wa 'yarta kira.

Kaka ta cafke hannun yarinyar. "Ba inda za ki," in ji ta. Ta leƙa ta katanga ta ɗaga murya: "Ke Jawiya, hawo nan. Bar kayan nan ki hawo."

"Ni cikin ruwa aka haife ni, Hajiya," in ji ta. "Ruwa na sani."

"Wannan ba ruwan garinku ba ne. Wannan da duwatsu yake tafe."

Mata suka taru a kan katangu suna kiranta, har da waɗanda suka kalli ƙasa ranar ciniki. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, sai idonta ya sauka a kan Baffa, yana tsaye a ƙofar gidanmu da buhu a ka. Shi ma yana yafuto ta. Na ga fuskarta ta rufe. Ta girgiza kai, ta nuna ƙofarta, ta nuna turakunta, ta sake kiran 'yar da harshensu, kira mai kaifi irin wanda ba a yi wa uwa musu a kansa. A garinsu in ruwa ya zo tara yara ake yi a ɗaki, kuma abin da take yi ke nan. Hannun yarinyar jiƙe yake, ta murɗe ta zame daga riƙon Kaka. Ta ce mini in ajiye mata kwanonta, ya kusa cika. Ta sauka matakalar a guje, uwar ta ɗaga ta ta ɗora a kan gadon, ta ja ƙofa.

Muryar ruwan ta riga shi isowa. Kamar manyan motoci da yawa suna juye tsakuwa a lokaci ɗaya, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa, awaki suka yi tsit. Da ya ɓullo ta kan kwarin ba ruwa na gani ba, bango na gani, ja, ya fi mutum tsayi, da duwatsu da garewani da mushen jaki a cikinsa. Bai hau yatsa-yatsa ba. Ɗakin yana nan, na ƙifta ido, babu shi. Ko ƙarar kwanon ba mu ji ba. Kafin a kira la'asar rana ta fito, kwarin ya koma yoyo, tattabaru suka sauko suna sha.

An tsinci uwar a ƙasa kaɗan, ta maƙale tsakanin duwatsu biyu da karyayyen hannu, da ranta. Yarinyar sai washegari aka tono ta can gangare cikin laka. Aka wanke ta, aka kai ta Harami aka sallace ta, aka binne ta a busasshiyar ƙasar da uwar ta ƙetare teku tana nema wa kanta. A wurin zaman makoki na ji abin da mata ke faɗa ƙasa-ƙasa suna shan gahawa. Wata ta ce sabo turken wawa. Wata ta ce ai an kira ta, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ba wadda ta ambaci wanda ya gina ɗakin, ba wadda ta ambaci kwaɗo. Ƙannen wasu kuwa tun a ranar suka bi kwarin suna tsintar tukwanenta, na daɗe ina ganin wata farar tasarta a gidan maƙwabta ana ba kaji ruwa a ciki.

Da hannun ya ɗan ɗaure sai ga ta ta dawo. Ta nemo sanduna huɗu, da hannu ɗaya ta kafa su a inda suke da, ta shimfiɗa buhu a tsakiya ta zauna cikin rana. Baffa ya sauko da carbinsa, ya yi mata ta'aziyya mai kyau da ayoyi, sannan ya tuge turakun ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su a hammata.

"Hajiya, ɗaki na sayar miki, ban sayar miki da ƙasa ba," in ji shi. "Ɗakin kuwa kin ga wanda ya ɗauka. Shi za ki bi."

Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da zama. Kwanaki tana nan, Kaka na aika mata tuwo a ɓoye ta hannuna, ta karɓa ba ta kalle ni ba. Sai wata safiya masu kamen suka hawo da gaske, kuma ba su yi dube-dube ba, kai tsaye wurinta suka nufa kamar an yi musu kwatance. Aka sa ta a jirgi aka mayar da ita fadamarsu, inda ba ta da gona ba ta da ɓauna, sai lakar da ke jiranta. Kafin wata ya mutu Baffa ya kafa sabon kwano a wurin, ya sayar wa wani baƙo mai mata da goyo. Na tsane shi tun daga lokacin, kuma na ci abincinsa shekara da shekaru ina tsanarsa, don shi ya aurar da ni.

Na yi aure a Nakkasa, na haihu a can, na yi jikoki. Sai ga shi an zo an shafa wa katangunmu jan fentin rusau, an ce kowa ya kwashe. Masu takardar mallaka aka yi magana da su a zaune, mu da muke kan baki aka gaya mana a tsaye cewa dutsen bai taɓa zama namu ba. Kowa ya ɗaure kayansa sai Baffa. Ya tsufa tukuf, ido ya tafi, ya zauna a tsakiyar ɗakinsa ya ce ba inda za shi, wanda ya tashi daga gidansa ya ba da shi. 'Ya'yansa suka ɗauko shi da kujerarsa kamar buhu suka ajiye a bakin titi, motar rusau tana cin gidan a bayansa, yana jin ƙarar yana tambaya ko ɗakin Inna ne wannan ya faɗi.

Tun ina yarinya nake ajiye da maganar nan, na goge ta, na wasa ta. Na matsa kusa da kunnensa don kada ƙarar ta cinye mini ita.

"Baffa, ɗaki aka rushe maka, ba a taɓa maka ƙasa ba. Ka tuna abin da ka gaya wa Jawiya?"

Na tsaya ina jira in ga ta shige shi. Ya juyo da fararen idanunsa wajen muryata, yana laluben abin a ransa, da gaske yake nema, ba basarwa yake ba. Sannan ya ce, "Wace Jawiya?"

Ya miƙo hannu yana neman nawa, ya ce in taimaka in samo masa ruwa, ƙura ta shiga masa maƙogwaro.